Kwandon Ba Ya Gudu

Gara ku ji daga bakina kafin ku ji a bakin wani. Bidiyon nan da yake ta yawo tun jiya, wanda mutum dubu takwas suke yi wa yaro ɗaya waƙa yana tsaye da ƙwallo a hannu, ni ce sila. Na san wasunku sun gani, sun yi dariya har sun tura wa ƙawaye. Ban ga laifinku ba. Mu ma a gidanmu an kalle shi ya fi sau hamsin, kuma duk kallo sai an dafa min kafaɗa an ce, "Auta, kin iya aiki."

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Marnie Tackett, ina aji uku a Jami'ar Brannock. A gidanmu daga coci sai ƙwallon kwandon Brannock, ranar Asabar kuwa ba zan rantse muku wanne ne a gaba ba. Labulen falonmu kore ne, kofunan shayi kore, har kare Mama ta saƙa masa koriyar riga. Baba yana da kujeru biyu a layi na huɗu bayan bencin 'yan wasa tun kafin ya auri Mama. Ɗaya tasa ce, ɗayar ta marigayi kakanmu, kuma tun rasuwarsa Baba ne ke zaɓar wanda zai zauna a kanta, ya ɗora masa tsohuwar hular Kaka. Yaya Dell ya zauna ba adadi. Ni ko sau ɗaya ba a taɓa cewa in zo ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana ci na tun ina firamare.

Abokan gabarmu su ne Ketter, masu jajayen kaya, tafiyar minti arba'in daga nan. Baba ko mai ba ya sha a garinsu, ya ce gara ya tura motar. Kullum maganarsa ita ce, "Auta, ki kawo min ko ɓarawon kaji ne, zan yi masa wa'azi. Amma ɗan Ketter kada ma ya taka min ciyawa."

To, ɗan Ketter ɗin zuciyata ta ɗauko. Ansel Pruitt, mai lamba arba'in da ɗaya. Wata takwas ke nan, tun dogon hutun da muka yi aiki tare a wurin sayar da shuke-shuke. Dogo ne, mai sanyin magana, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu. A ƙungiyarsu ɗan ɗumama benci ne, shi da kansa yake cewa duk jihar nan babu wanda ya kai shi iya miƙa tawul. A wayata na ajiye lambarsa da sunan "Likitan Haƙori". Mun yi da shi cewa in aka wuce wasan Brannock da Ketter na ranar Asabar, washegari zai zo ya gaida Baba, duk abin da zai faru ya faru.

Saura kwana uku in tsallake, sai ranar Laraba ta kayar da ni.

Muna kan tebur, Mama ta yi gasasshiyar kaza da masara, na manta na ajiye wayar fuskarta sama. Ta kawo haske. Yaya Dell kuwa ido gare shi kamar na shaho.

"Ikon Allah!" in ji shi. "Mama, likitan haƙori ya ce ya yi kewar Marnie."

"Wane likitan?" Mama ta ajiye cokali. "Dattijon nan namu? Ai ya ba saba'in baya!"

"Yaya, ba ni wayata!"

"Ungo, ni ba ita ce ta dame ni ba." Ya jingina da kujera yana murmushin mugunta. "Garrett ya ce ya ga motarki a Ketter cikin Disamba, a ƙofar wani coci. Wai ya yi shiru ne don yana ganin mutuncinki."

Garrett mai busa ƙaton ƙahon nan ne a badujalar makaranta, ɗan aminiyar Mama, wanda ta zaɓar min tun muna cin ƙasa. Ganin mutuncin ke nan, ya riƙe magana wata biyu sai satin wasa ya sake ta.

Baba ya daina tauna kawai, ya zuba min ido. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Yaya Dell shi ne shugaban ɓangaren ɗalibai a zauren wasa, kuma shi ke rubuta takardar tsokana, wadda ake rabawa kafin a fara: sunan kowane ɗan wasan baƙi da abin da za a yi masa ihu da shi. Wane ya faɗi jarabawar tuƙi sau uku, wane budurwarsa ta koma wa abokinsa. Takardar tana gefen farantinsa, har miya ta ɗiga mata. Idona ya faɗa kanta, bakina ya riga hankalina.

"Aiki nake muku," na ce. "Leƙen asiri. Na samu wani a ƙungiyarsu da yake ganin sonsa nake, ina tatsar labari."

Sai Baba ya fashe da dariya har yana buga tebur.

"Twyla, kin ji 'yarki? Ashe jinin yana nan!"

"Tsaya, Baba." Yaya Dell ya ɗauki biro. "In da gaske ne, me kika samo? Ba ni abu ɗaya."

Nan fa na yi lissafin da ya kai ni ya baro. Ansel wasa shida a jere ko minti ɗaya bai shiga ba. Na ce a raina duk abin da na faɗa a kansa a takarda zai mutu, babu mai yi wa ɗan benci waƙa. Manyan 'yan wasansu kuwa ban san komai a kansu ba. Abu ɗaya nake da shi a hannu, shi na bayar.

Cocin da Garrett ya ga motata, jana'iza na je. Kaka Odessa, wadda ta haifi mahaifiyar Ansel, ita ta rene shi, ita ta kafa masa kwando a jikin bishiyar bayan gida yana ɗan shekara shida. In ya yi gaggawa ya ɓarar, sai ta ce daga kan kujerarta, "A hankali, ɗan tsakona, kwandon ba ya gudu." Bayan an binne ta muna zaune a mota ya gaya min, yana kuka yana jin kunyar kukan. Ya ce har yau duk lokacin da ya tsaya a layi zai yi jifa, sai ya faɗa a ransa. Ya ce ko abokan wasansa ba su sani ba, daga shi sai mahaifiyarsa, sai ni yanzu.

Wannan maganar na miƙa wa Yaya Dell, tsakanin kaza da masara. Ban ce masa mai maganar ta rasu ba. Ya rubuta yana tuntsira dariya.

"Ɗan tsako! Kai, Auta, Allah ya yi miki albarka."

Ranar Asabar ƙarfe biyu na rana aka sa wasan. Na sa koriyar rigar sanyi da farin wando, Mama ta ɗaure min gashi da koren ƙyalle, ta zana min layi biyu a kumatu. Ina gaban madubi saƙon Ansel ya shigo.

"Mama za ta zo yau. Ta ce ko tawul ne za ta kalle ni ina miƙawa."

"Allah ya ba ku haƙuri tun yanzu," na rubuta, har da alamar dariya.

"Amin. Zan neme ki a cikin koren nan. Gobe ƙarfe ɗaya ina ƙofarku, na goge riga tun jiya."

Na riƙe wayar, na rubuta "Akwai maganar da," na goge. Na ce ai ba zai shiga ba, me zai sa in tayar masa da hankali a banza?

Jama'a, ni da aka haifa a gidan Tackett, ni da na fara zuwa zauren nan a goye, yaya aka yi na manta abin da ko karenmu ya sani? In tazarar maki ta yi yawa, wasa ya riga ya ƙare tun lokaci bai cika ba, koci yakan zaunar da manya ya saki 'yan benci su ɗan motsa jini. Ban tuna ba sai da aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da maki ashirin.

Tunda nake ban taɓa roƙa wa Ketter alheri ba sai ranar. Ina tsaye a ɓangaren ɗalibai, Yaya Dell a gabana da takardarsa, 'yan badujala a gefena Garrett yana ta kumbura kumatu, kowa na tsalle, ni kuwa duk ƙwallon da muka zura sai in ƙara addu'a. Ya Allah su rage. Ya Allah su farke ko goma. Ina! Yaranmu kamar an aiko su. Saura minti huɗu allo ya nuna tamanin da huɗu da hamsin da uku. Tsofaffi har sun fara naɗe barguna don su riga cunkoso fita.

Kocin Ketter ya waiwaya, ya dubi ƙarshen benci, ya yi nuni da yatsa. Ansel ya miƙe ya cire rigar sama. Can a kusurwar baƙi wata mata mai jan kwat ta tashi tsaye ita kaɗai tana tafi. Na gane ta, a jana'iza ta rungume ni.

Yaya Dell ya juyo ya kashe min ido.

"Yaya, mun riga mun ci," na ce. "Ƙyale shi."

"Kin manta dankali?"

Dankalin kuwa shi ne sauran masifar. Akwai gidan abincin da ke bakin ƙofar makaranta, alkawarinsu ne duk kakar wasa: in ɗan wasan baƙi ya ɓarar da jifa biyu a jere a zagaye na biyu, washegari duk mai tikiti yana da soyayyen dankali kyauta. Ranar ba wanda ya ɓarar. Wasa ya mutu, abin da ya rage wa mutum dubu takwas shi ne dankali.

Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu aka ba Ansel ƙwallo a ƙarƙashin kwando, wani namu ya doke masa hannu. Alƙali ya busa, ya ba shi jifa biyu. Ya tako layi shi kaɗai, ya buga ƙwallon a ƙasa sau uku, na ga leɓensa ya fara motsi. Yaya Dell ya ɗaga hannu.

"A hankali, ɗan tsako! Kwandon ba ya gudu!"

Ɗalibai suka fara, badujala ta ɗauka da ganga, kafin ka ce me zauren gaba ɗaya ya karɓa, har da tsofaffin da suka kai ƙofa suka dawo. Ansel ya tsaya cak. Ya ɗago kai a hankali yana bin ɓangarenmu da ido, layi bayan layi. Na san abin da yake nema.

Ga kuma abin da ban taɓa zaton zan rubuta ba. Yaya Dell ya waiwayo yana kallona, Garrett ma yana kallona ta gefen ƙahonsa, sai na ji bakina yana buɗewa. Na rera. Sau biyu na rera tare da su, da layi biyu kore a kumatuna. A na biyun idonsa ya same ni.

Jifan farko ya daki bakin ƙarfe ya dawo. Na biyu ko ƙarfen bai taɓa ba. Zauren ya ɗauka, "Dankali! Dankali!" mutane na rungumar waɗanda ba su sani ba. Na dubi kusurwar baƙi. Matar mai jan kwat ta zauna, jakarta a kan cinya, ta toshe baki da hannu biyu. Maganar mahaifiyarta ce ta ji a bakinmu, wata biyu da binne ta.

Tamanin da takwas da hamsin da biyar aka tashi.

A mota Baba ya kunna rediyo, masu kira suna ta shigowa. Wani ya ce shekara ashirin rabonsa da ya ji daɗin Asabar haka. Wata ta ce jikanta tun a hanya yake rera ɗan tsako, har ya koya wa ƙanwarsa. Wani tsoho ya ce ƙungiya ta yi ƙoƙari, amma gwarzon wasa shi ne duk wanda ya tono wannan waƙa, a ba shi lambar yabo. Baba ya dube ni ta madubi, fuskarsa kamar gonar auduga.

Na buɗe waya. Bidiyon har ya hau, da dubban alamun dariya a ƙasa. "Ketter ku zo ku ɗauki tsakonku." "Kwandon bai gudu ba, ƙwallon ne ya gudu." "Gobe da dankali zan karya." Can ƙasa wata mata da ban sani ba ta rubuta: "Wannan maganar Odessa ce, cocinmu ɗaya shekara talatin. Da maki talatin kuke gaba. Me kuma kuke nema a wurin yaron?" An ba ta amsa huɗu, duka hoton dankali.

Na tura masa saƙo. "Ansel, don Allah ɗaga." Na kira sau bakwai. Na sake rubutawa, "Ka bari in yi maka bayani," alhali ni kaina ban san bayanin ba. An nuna ya karanta. Shiru.

Yau Lahadi, daga coci ko gida ba mu biya ba, muka bi layin dankali da tikitinmu a hannu. Layin har bakin titi, mutane da kayan coci, ana ta rera waƙar. Mai zubawa ma da ita yake miƙo wa kowa. Muka dawo gida da ƙunshi huɗu, Mama ta juye a babban farantin baƙi, ta soya ƙwai, ta kawo naman da ya kwana. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na kai baki, na mayar da ita faranti.

"Ba kya ci?" in ji Mama. "Ke da guminki?"

"Na ƙoshi."

"Kunya take ji," in ji Yaya Dell da baki cike. "Tauraruwa ce yanzu. Garrett ma ya ce zai shigo anjima ya yi mata barka."

Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya fito, hular Kaka ce a hannunsa, koriyar nan da ta koɗe har bakinta ya zare. Ya tsaya a kaina, ya yi gyaran murya kamar a coci.

"Auta, na daɗe ina ganin ba ki damu da abin nan ba. Ashe ni ne ban duba ba. Wasan Asabar mai zuwa, ke ce a kujerar Kaka."

Ya ɗora min ita da hannunsa, ya gyara mata zama. Shekara goma sha biyar ina jiran wannan hannu a kaina. Hawaye suka zubo, Mama ta ce, "Allah sarki, daɗi ne ya yi mata yawa."

Wayata ta yi motsi a aljihu. Ƙarfe ɗaya daidai.

"Ina ƙofarku. Na ce zan zo, na zo. Mutum biyu ne suka san maganar nan ban da ni. Ki fito ki ce min ba ke ba ce, zan yarda."

Na karanta sau uku. Kun ga abin da ya yi min? Hanya ya buɗe min. In ce Yaya ne ya karanta wayata, in ce wani ɗan cocinsu ne ya fesa, in ce bakina da ya gani addu'a nake yi. Zai yarda, ko ya yi kamar ya yarda, don na san shi.

Kare ya fara haushi. Yaya Dell ya ɗaga labule, ya ƙwalla ihu.

"Kai! Baba, zo ka ga ikon Allah! Ɗan tsako ne a ƙofarmu, har da farar riga!"

Na ture kujera na fita, ko takalmi ban tsaya sawa ba. Yana tsaye a bakin titi jikin motar mahaifiyarsa, bai taka ciyawar ba. Rigar ta sha guga. A hannunsa akwai faranti lulluɓe da tsumma mai furanni, wainar tuffa ce, na san farantin, na Kaka Odessa ne. Idonsa ya yi ja. Bai dubi fuskata ba, hular da ke kaina yake kallo.

"Sabuwa ce?" ya ce.

"Ansel..."

"Abu ɗaya na tambaye ki, Marnie."

Na ji an buɗe ƙofa a bayana.

"Ni ce," na ce. "Ni na ba Yaya, ranar Laraba. Na ɗauka ba za ka shiga ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, har da ɗan murmushi, irin wanda ya fi kuka ciwo.

"Kin ɗauka ba zan shiga ba," ya maimaita. Ya miƙo min farantin, na karɓa. "Mama ce ta yi tun ranar Juma'a. Ta ce ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana."

"Auta!" Muryar Baba daga bakin ƙofa. "Me yaron nan yake nema a nan? In rigima ya zo yi, ki dawo ciki."

Na juya. Baba a tsaye, Mama a bayansa da tsumman hannu, Yaya Dell yana ɗaga waya zai ɗauki hoto. Na sa hannu ɗaya na cire hular.

"Baba, sunansa Ansel. Shi nake so, wata takwas ke nan, ba wani leƙen asiri da na yi. Waƙar da muka rera jiya maganar kakarsa ce. Ta rasu a Disamba, jana'izarta na je. Ni kaɗai ya gaya wa."

Yaya Dell ya sauke wayar. Mama ta dafe ƙirji. Baba ya dubi hular a hannuna, ya ɗaga ido ya dubi bayana.

Na juya don in kamo hannun Ansel in kawo shi, ko da ciyawar zai taka. Motar har ta kai kwanar layinmu. Ya ma kunna sigina, shi da ba kowa a bayansa.

Ina nan zaune a kan matakalar ƙofa nake rubuta muku, hula a gefe ɗaya, faranti a cinyata. Ba wanda ya ce in shigo, ba wanda ya rufe ƙofar. Ɗazu Baba ya fito ya tsaya a kaina, ya ce, "Me sunan tsohuwar?"

"Odessa."

Ya koma ciki bai ɗauki hular ba. Yanzu ga shi ina jin ƙarar makullin mota a hannunsa, yana tambayar Mama ko man da ke ciki zai kai mu Ketter ya dawo da mu.